Duma: Faifan da Ke Dukan Ƙirji Kafin Kunne

Duk wanda ya taɓa tsayawa dab da makaɗan dambe, ganga na dukan ƙirjinsa tun kafin ta iso kunnensa, ya riga ya san rabin abin da Duma suka zuba a faifansu na farko. Sauran rabin kuwa, wallahi sai an ji.

Samari biyu ne daga Nairobi ta ƙasar Kenya. Martin Khanja, wanda aka fi sani da Lord Spikeheart, shi ke da maƙogwaro. Sam Karugu kuma shi ke riƙe da jita da na'urori. Kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala a Yuganda ne ya fitar da faifan a 2020, da sunan ƙungiyar a jikinsa. Salon da suka ɗauko ana ce masa grindcore, wanda Napalm Death na Birmingham a Ingila suka aza wa tubali da faifansu Scum a 1987: gudu ba birki, ihu, da waƙoƙi gajejjeru, har akwai "You Suffer" da ba ta cika daƙiƙa biyu ba. Ina son Scum ƙwarai. Amma Duma sun kai abin inda mutanen Birmingham ba su taɓa takawa ba.

Asirin yana cikin kiɗan. Na Turawa a miƙe yake sharɓewa, bugu ɗaya na bin ɗaya. Na Karugu kuwa hawa-hawa ne: wani bugu na gudu a sama, wani na jan ƙafa a ƙasa, su saɓa, su haɗu, su sake rabuwa. Kunnen da ya tashi da kalangun mahauta ba ya ɓata a nan ko kaɗan, nan take yake gane hanya. Ku saurari waƙarsu "Lionsblood"! Khanja zai yi gurnani daga can cikin cikinsa, kafin ka ƙifta ido ya koma wata ƙara siririya mai tsaga kai, kiɗan kuma na ta tafasa a ƙarƙashinsa. Tsigar jikina tashi take yi duk lokacin da na kai wurin. "Omni" ma haka, ba ta barin mutum ya numfasa.

A waya na fara jin faifan Duma, amma sai da wani abokina ya kawo mini faifan garmahon sannan na san me nake ji. Na ɗora shi a tsohuwar na'urar da kawuna ke jin Mamman Shata da ita a nan Yelwa. Allura ta sauka, ta ɗan yi ƙas-ƙas, sai wata tsawa mai kauri ta cika ɗakin, irin rugugin injin kwale-kwale idan ya ɗauko kaya maƙil a tafkin Kainji. Kofin shayi har rawa yake a kan tebur. Ƙaramar lasifikar waya haɗiye wannan kaurin take yi gaba ɗaya. Ga shi faifai ba ya ba ka damar tsallake-tsallake cikin sauƙi: ka zauna ka sha fuska ɗaya har ƙarshe, ka tashi ka juya, ka sake zama.

Na san wasu za su ce hayaniya ce kawai. Su ƙara sauraro. Akwai tsari a ciki, akwai gwaninta, akwai zafin zuciyar matasan da suka ƙi jiran kowa ya ba su izini. Duniya ma ta ji: a 2021 kamfanin Sub Pop na Seattle a Amurka, wanda ya fitar da faifan Nirvana na farko, ya buga musu ƙaramin faifai, kuma a 2024 Khanja ya fito da nasa shi kaɗai, The Adept.

Babban burina yanzu shi ne wani yaro daga Yauri, Ngaski ko Shanga ya ji wannan faifan, ya ɗauki na'urar naɗar sauti ya nufi bakin kogi ranar bikin Rigata, ya kwaso gangunanmu da sowar 'yan kallo, ya haɗa mana namu. A buga shi a garmaho, ni ne zan fara saye.