Go: fayil ɗaya tak, kuma aiki ya tashi

Duk wanda ke kula da wata 'yar manhaja da jama'a ke amfani da ita a Windows da Linux da Mac zai gane dalilin da ya sa yaren Go ya kwanta mini a rai haka. Madalla da Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson, waɗanda suka fara ƙera shi a Google a 2007, aka fito da shi fili a 2009.

Ku dubi wahalar sikirif, wato umarnin da sai kwamfuta na da mai karanta shi kafin ya yi aiki. Ka rubuta da Bash a Linux, komai lafiya lau. Ka kai shi Mac, ka tarar Bash ɗin can tsoho ne, 3.2, kuma sed ɗinsu ba ya jin maganar da na Linux yake ji. Windows kuwa ba ta ma zuwa da Bash. Ka koma Python, sai a shiga tambaya: wane Python ke kwamfutar mutumin? Ya sauke kayan haɗin? An daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairu 2020, sikirif da yawa suka koma marayu.

Go fa? Kai, abin sai wanda ya gani! Kana zaune a kwamfutarka ta Linux, ka saita GOOS da GOARCH, wato kalmomi biyu da ke faɗa wa Go irin kwamfutar da kake nufi, ka buga go build, sai ga fayil na Windows ya fito. Ka sauya kalma biyu, ga na Mac. Tun Go 1.5 a 2015 abin ya zo da sauƙi haka. Mai karɓa ba ya girka komai. Ya sauke, ya kunna, shi ke nan. Ga kuma alkawarin da masu Go suka ɗauka a 2012 da fitowar Go 1, cewa abin da ka rubuta zai ci gaba da haɗuwa a sababbin fitowa. Sun riƙe amana!

Ba banza ba aka sake rubuta Docker Compose daga Python zuwa Go.

Gaskiya fayil ɗin yakan yi ɗan nauyi, kuma ko harafi ka gyara sai ka sake haɗawa. Aikin layi goma a kwamfutarka kai kaɗai, sikirif ya wadatar. Amma in kayan aikinka zai shiga hannun jama'a, don Allah ɗan'uwa, gwada Go a wannan makon.