Bakan Gizon da Ya Karye: Fim Mai Gaskiya, Amma da Kunne Ɗaya

A shekara ta 1985 Maria Florio da Victoria Mudd suka fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Broken Rainbow, wato bakan gizon da ya karye, kuma a 1986 ya ci kyautar Oscar. Labarinsa na ƙabilar Nabaho ne a jihar Arizona ta Amurka. A 1974 majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar raba filin da Nabaho da Hopi suke zaune a kai tare, aka ce duk wanda shinge ya bar shi a gefen da ba nasu ba, ya tashi. Dubban Nabaho makiyayan tumaki ne abin ya shafa.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin tsofaffin mata. Idan tsohuwa ta zauna a bakin bukkarta tana maganar tumakinta da ƙasar da aka binne iyayenta, mai kallo ba ya buƙatar wani ya yi masa sharhi. Haka kuma masu fim ɗin sun kyauta da suka koma 1864, lokacin da sojoji suka tasa Nabaho a ƙasa zuwa Bosque Redondo, inda aka tsare su har 1868. Da wannan ne mutum zai gane cewa tashin na biyu fami ne a kan tsohon gyambo.

To amma ni ma'aikacin rediyo ne, kuma abin da muka fara koya shi ne ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. A nan fim ɗin ya gaza. Ya ɗora kusan dukan laifin a kan kwaɗayin gawayin ƙasa na Black Mesa, wanda kamfanin Peabody yake haƙa a wancan lokacin. Maganar gawayin gaskiya ce, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Hopi suna da tsohon ƙorafi cewa Nabaho, da suka fi su yawa nesa ba kusa ba, sun mamaye filin da aka keɓe tun 1882. Wannan kukan bai samu wurin da ya cancanta ba, domin Hopin da aka fi bai wa dama su ne dattawan da ra'ayinsu ya zo daidai da na masu fim ɗin.

Sai kuma muryar Martin Sheen mai ba da labari. Tana da daɗi, amma tana yawan gaya mana abin da za mu ji a zuciya kafin masu abin su gama faɗin nasu.

Duk da haka ina ba ku shawara ku kalle shi, musamman matasanmu masu sha'awar ɗaukar kyamara. Ku koyi haƙurin zama da tsofaffi daga gare shi. Amma idan kun tashi yin naku, ku kai makirufo gidan maƙwabcin da ake rigimar da shi, ko da abin da zai faɗa zai ɓata muku tsarin labari.