Sharhi kan FreeCAD: kyauta ce, amma ta san aikin mai walda?

A watan Nuwamba na 2024 ne masu gina manhajar FreeCAD suka fitar da zubi na 1.0, bayan sun shafe sama da shekara ashirin suna aiki a kanta. Manhaja ce ta zanen injiniya, kyauta ake sauke ta, kuma da zarar ta hau kwamfutarka ba ruwanta da data. Tun fitowarta ake ta yabonta a matsayin madadin AutoCAD da SolidWorks. Ni da wani ma'auni dabam zan auna ta. Mai ƙera injin casar masara a Funtua ko Malumfashi, wanda manomin Tsiga ke rugawa wurinsa ranar da inji ya tsaya ana tsakiyar kaka, me wannan manhaja za ta tsinana masa?

Duk wanda ya san yankin Bakori ya san irin waɗannan injuna ƙirar gida. Suna aiki, kuma da arha idan aka kwatanta da na waje. Sai dai akasarinsu ba daga takarda aka ƙera su ba. Maƙeri kan dubi wani injin, ya ɗauki tef da alli, ya auna, ya yanka, ya haɗa. Shi ya sa za ka samu inji biyu daga hannun mutum ɗaya, amma ragar wannan ba ta shiga wancan. Idan wani ɓangare ya karye, ba dama ka yi waya a aiko maka da sabo. Dole a kwance, a ɗora a mota, a kai gari, masara kuwa tana jibge a gona tana jiran ɓera da gara. Maganin wannan ciwo shi ne zanen fuskoki, kuma a kansa ya kamata a yi wa kowace manhaja irin wannan hukunci.

Ga abin da ake nufi. Hoto yana ruɗin ido, domin abin da ke nesa ƙanƙancewa yake yi, da'ira kuma ta koma kamar ƙwai. A zanen fuskoki ana duban abu ne kai tsaye ta gaba, ta sama, da ta gefe, kowace fuska a zana ta dabam kamar inuwar da rana ke yi idan tana tsaka, ba tare da nisa ya rage komai ba. Fuska ɗaya tana ba ka awo biyu, fuska uku kuwa sukan isa a ƙera abu ba tare da an taɓa ganinsa ba. Abin da ke ɓoye a ciki, kamar rami, da tsinkakken layi ake nuna shi. Bafaranshe Gaspard Monge ne ya tsara lissafin wannan dabara lokacin da yake aiki a makarantar sojoji ta Mézières. Saboda amfaninta wajen gina ganuwar yaƙi, sai da aka ɗauke ta sirrin soja na tsawon shekaru. A 1795 ya koyar da ita a fili, littafinsa kuma ya fito a 1799.

A nan FreeCAD ta ci yabo. Ana fara gina abin ne a siffarsa ta zahiri, mai tsawo da faɗi da kauri, sannan a shiga sashen da ake kira TechDraw a ce ta fitar da fuskokin. Ita za ta jera su a layi, ta sa tsinkakken layi idan an buƙata, ta yanka abin biyu don a ga cikinsa. Idan ka koma ka faɗaɗa rami, duk fuskokin za su bi. Wanda ya taɓa goge takarda har ta huje a ajin zane ya san darajar wannan. Kuma tana fitar da PDF, wanda kowa zai iya turawa ta WhatsApp.

To, amma akwai tarko, kuma manhajar ba ta ja kunnen sabon shiga a kai. Hanyar jera fuskoki iri biyu ce a duniya. A tsarin kusurwa ta ɗaya, abin yana tsakanin idonka da takarda, saboda haka abin da ka gani ta hagu a dama za a zana shi, na sama kuma a ƙasa. A tsarin kusurwa ta uku, kamar abin yana cikin akwatin gilashi ne, kowace fuska a zana ta a ɓangaren da aka tsaya aka dube ta. Yawancin Turai da Sin da Indiya na farkon suke bi, Amurka da Japan na biyun. Mu kuwa da kayanmu ke zuwa daga ko'ina, dukansu muna cin karo da su, kuma dukansu ake koyarwa a darasin zanen fasaha na sakandare. Ɗauki farantin ƙarfen da ke riƙe inji, mai ramuka a gefe ɗaya kawai. Idan an zana shi da wannan tsari aka karanta shi da wancan, za a ƙera shi a juye, kamar takalmin hagu a ƙafar dama. Awo duk daidai, amma ba zai zauna ba. Akwai ƙaramar alama mai kama da bokiti a kwance da ake sawa a ƙasan takarda don a raba gardama. A FreeCAD, zaɓin tsarin yana can cikin saituna, takardar da ake ɗora zanen kuma fayil ce mai zaman kanta, don haka kai ne za ka duba ko alamar ta dace da abin da ka zaɓa. A ganina, abu mai haɗari irin wannan kamata ya yi ya zama tambayar farko da manhaja za ta yi wa mutum.

Rauni na biyu ya fi damuna. Injin casa, in ka cire sandar tsakiya da firam, kusan duk fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa: mazubi, murfi, bututun iska. Abin da mai walda ke so a nan shi ne siffar fallen a shimfiɗe kafin a lanƙwasa, don ya san yadda zai yanka ba tare da asarar ƙarfe ba. Fuska uku ba sa ba shi wannan kai tsaye. FreeCAD ba ta zuwa da kayan wannan aiki a jikinta. Akwai wani ƙari mai suna Sheet Metal da 'yan sa-kai suka rubuta, yana aiki, amma sai ka san da shi, ka kuma samu intanet ka sauke. Wato abin da maƙerinmu ya fi buƙata shi aka bari a bakin ƙofa.

Sai batun awo, wanda laifinsa ba na manhajar ba ne ita kaɗai. Boris mai lamba 6205, da ake samu kusan a kowane shagon kayan inji, raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Sandar ƙarfe mai inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ce. A ido ɗaya suke, a tef ma kusan ɗaya, amma ba za ta shiga ba sai an rage ta. Idan aka rage da guraindin hannu har ta yi sako-sako, sandar za ta riƙa wasa a ciki, ta cinye kanta. Zane mai kyau ba ya tsayawa a rubuta 25, yana faɗin iyakar ƙarin ko ragin da aka yarda da shi. TechDraw tana da wurin rubuta wannan, amma ba za ta gaya maka ramin boris ne ke buƙatar tsanani, murfi kuwa a bar shi da sassauci ba. Mai zanen da bai taɓa riƙe sifana ba zai iya cika takarda da lambobi masu kyan gani waɗanda ba a ƙeruwa. Wannan ita ce matsalata da yadda wasu cibiyoyin koyon kwamfuta ke koyar da irin waɗannan manhajoji: a haddace maɓallai, a kwafi zanen da ke kan allo, a karɓi satifiket.

Ba ta jin Hausa, kuma ba ta hawa wayar Android, alhali wayar ce kwamfutar mai walda. Waɗannan a bayyane suke, ba sai na ja su ba. Sai dai fassarar manhajar 'yan sa-kai ne ke yi, ƙofar kuma a buɗe take, don haka wannan ƙorafi rabinsa a kanmu yake.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa wa ɗalibin kwalejin fasaha ta Funtua, ita zan zaɓa. Kamfanin Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin tun 2016, yanzu haya ake biya, kuma ta AutoCAD ta kai wajen dala 2,000 a shekara. Ɗalibi yana samun ta kyauta, amma ranar da ya gama makaranta ya buɗe shago, sai dai ya koma kwafin sata. Onshape kuwa a intanet take zaune, ba ta da amfani inda sabis ke yankewa. FreeCAD tana da tsauri a farko, wani lokaci awon da ka sa a zane yakan kuɓuce idan ka sauya siffar sosai, amma fayil ɗinka naka ne, ba mai kulle maka shi.

Inda nake ganin za ta fi amfani ba a hannun maƙerin kansa ba ne tukuna. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana ƙirƙiro injunan casa da na sussuka. Da zanen irin waɗannan injuna, ko ma na waɗanda suka riga suka karɓu a kasuwa, zai samu a fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa, yaron shago ɗaya mai kwamfuta ya isa ya riƙa fitar wa unguwa guda takardun yanka. A kula kawai wajen bugawa: masu shagon buga takardu sun saba rage shafi don ya shiga A4, sai zanen da aka yi daidai da girman abu ya fito a ƙanƙance. Kafin a manna shi a kan ƙarfe a huda, a sa tef a kan layi ɗaya a tabbatar ya yi daidai da lambar da aka rubuta a kansa.