Medea ta Lars von Trier da masu tara fina-finai

A shekarar 1988 gidan talabijin na ƙasar Denmak ya nuna fim ɗin Medea, wanda Lars von Trier ya shirya tun sunansa bai gama zaga duniya ba. Asalin labarin wasan kwaikwayo ne na Euripides da aka fara nunawa a Atina shekara 431 kafin haihuwar Annabi Isa. Medea ta bar ƙasarta da danginta saboda Jason, ta haifa masa 'ya'ya biyu, shi kuma ya juya mata baya ya nemi 'yar sarki. Sai ta halaka amaryar, ta halaka 'ya'yan cikinta.

Akwai masu tara tsofaffin fina-finai da suke farautar faifansa, kuma ina bayansu. Fim ɗin talabijin maraya ne: a haska shi dare ɗaya, gobe a manta. Wannan kuwa ba na mantawa ba ne. A kan rubutun Carl Theodor Dreyer aka gina shi, gwanin shirya fim da ya rasu a 1968 bai samu ya ɗauki fim ɗin ba. Wanda ya mallaki faifan ya riƙe aikin gwanaye biyu a hannu ɗaya.

Inda muka raba hanya da wasunsu shi ne kukan da suke yi wai hoton ya yi dishi-dishi, a wanke shi ya fito tas. Haba! Da gangan aka yi. Da bidiyo von Trier ya ɗauka, ya mayar kan fim, ya sake dawo da shi bidiyo, har launi ya koɗe. Cikin wannan hazon ne Kirsten Olesen, a matsayin Medea, take ratsa fadamun gaɓar teku da baƙaƙen kaya, Udo Kier kuma yake ɗimuwa a matsayin Jason. A goge hazon, an goge rabin baƙin cikin.

Akwai wurin da har yanzu yake tsaya mini a rai. A wasan Euripides ba a gaban 'yan kallo ake kashe yaran ba, kukansu kawai ake ji daga cikin gida. A fim ɗin kuwa rataye su Medea take yi a jikin busasshiyar bishiya, babban yaron yana taya uwar kamo ƙaninsa, sannan ya miƙa nasa wuyan. Mutumin da ya sayi faifan ya jera a kanta ko ledarsa bai ɓare ba, yana jiran ya yi tsada, bai taɓa ganin fuskar yaron nan ba.