Taƙlidi da Fahimta a Sana'ar Haɗa Mota

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa a tsakanin makanikai da masu sha'awar sana'arsu, wato mutum ya nemi tsohuwar a-kori-kura wadda zamaninta ya shuɗe, irin su Chevrolet C10 ta shekarun 1967 zuwa 1972 ko Ford F-100 wadda aka fara ƙerawa a 1953, ya kwance ta ɗaiɗai har sai shasi kaɗai ya rage, sa'an nan ya sake haɗa ta bisa ga abin da ransa ya raya masa, galibi da injin da ba nata ba. Kowace shekara akan baje irin waɗannan motoci a taron SEMA na birnin Las Vegas, inda jama'a ke cincirindo wajen kallon fenti da ƙyallin ƙafafu. Amma wanda ya san sana'ar, da zarar an ɗaga bonet, sai ka ga ya kau da kai daga duk wannan ado, ya bi tiyon mai da ido tun daga tanki har zuwa inji, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimci abin da ya haɗa da wanda ya kwaikwayi abin da ya gani kawai.

Dalilin haka a fili yake. Motar da ta fito daga masana'anta, injiniyoyi sun riga sun yanke hukunci a kan kowane tiyo da kowace matata da ke cikinta, gwargwadon irin ruwan da zai bi ta ciki, da ƙarfin matsinsa, da zafin wurin da zai ratsa. To, ranar da aka cire injin asali aka ɗora wani, duk waɗannan hukunce-hukunce sun warware, nauyin sake yanke su kuwa ya koma wuyan mai haɗawa, ko ya sani ko bai sani ba. Tsohon inji mai kafireto yana shan fetur da matsin da bai wuce fam 5 zuwa 7 a kan kowane murabba'in inci ba, alhali injin LS na kamfanin General Motors, wanda ya bayyana a 1997 kuma ya zama abin so ga masu wannan al'ada, yana bukatar kusan fam 58. Tiyon roba mai lambar SAE 30R7, wanda ya wadatar da na farko shekara da shekaru, ba shi da hurumi a na biyu, sai mai lambar 30R9. Idan kuwa tiyon zai zauna ne cikin tanki tsundum a cikin mai, to 30R10 ne, saboda na sauran cikinsu kaɗai aka yi wa kariya, bayansu yana rubewa in ya jiƙa. A ido dukkansu baƙar roba ce, ba abin da ya raba su sai ɗan rubutun da ke jikinsu.

Mahaɗan da suka fi shahara a wannan fage, waɗanda ake kira AN, asalinsu ba na mota ba ne. Ƙa'ida ce da sojojin ƙasa da na ruwa na Amurka suka haɗu a kanta a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, don kowane bututu na jirgin sama ya dace da ɗan'uwansa ko da masana'antu daban-daban ne suka ƙera su: bakin bututu a buɗe shi da kusurwa mai digiri 37, girmansa kuma a ƙidaya shi da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta yadda lamba 6 ke nufin 3/8 na inci, lamba 8 kuma rabin inci. A 1940 wani injiniya haifaffen Jamus, Peter Hurst, ya kafa kamfanin Aeroquip a garin Jackson na jihar Michigan, wanda ya yi suna da tiyo mai mahaɗin da ake kwancewa a sake ɗaurawa da sifana ba tare da na'ura ba, abin da ya yi wa makanikan jirage amfani ƙwarai a fagen fama. Da yaƙi ya ƙare, kayan soja suka yi yawa a kasuwar gwanjo, musamman a kudancin Kalifoniya inda masana'antun jirage suke, samarin da suka dawo daga aikin soja da sanin waɗannan kaya suka riƙa sayensu da araha suna ɗaura wa motocin tserensu. Zaɓinsu yana da dalili sananne a lokacin: jijjiga ba ta kwance mahaɗin, saƙar waya tana kare robar daga yankewa, kuma mai tsere yana iya cire inji ya mayar sau da dama a mako ba tare da ya lalata bakin tiyo ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da kan sami kowace ɗariƙa idan ta yi nisa da masu kafa ta, wato zahiri ya wanzu, dalilin da ya sa aka yi shi kuwa a manta da shi. Launin ja da shuɗi da ake rina mahaɗan alminiyon da shi, tare da farar saƙar waya, suka zama alamar gwaninta a idon mai kallo, har kasuwa ta fito da wasu murafu masu wannan launi waɗanda ba su da aikin komai sai rufe kilif na yau da kullum don ya yi kama da na jirgin sama. Wannan dai yaudarar ido ce, cutarwarta kaɗan. Wadda ta fi ta muni ita ce ta mutumin da ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi tiyo mai saƙar waya na gaske, yana ƙiyasin cewa abin da ya isa jirgi lalle ya isa a-kori-kura, bai lura ba cewa ƙiyasin nan akwai bambanci a cikinsa: jirgin soja da motar tsere ana duba su kullum, ana sauya musu tiyo a kan ƙa'ida, ita kuwa motarsa za ta yi wata da watanni a gareji da mai a cikinta. Ga shi kuma man ya sauya. Mafi yawan fetur da ake sayarwa a Amurka yau yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, akwai ma nau'in E85 wanda etanol ɗin ya rinjayi fetur nesa ba kusa ba, etanol kuwa yana busar da tsohuwar irin roba ya tsattsage ta, saƙar wayar da ake alfahari da ita kuma ita ce ke ɓoye tsagar har sai wari ya cika garejin ko mai ya fara tsatsafowa kusa da salansa. Ita kanta saƙar, in ba a ɗaure ta da kyau ba, magagari ce, duk abin da ta jingina da shi, ko wayar lantarki ko bututun birki, sai ta ci shi a hankali.

Saboda haka ne masu lura suka koma ga tiyon da aka yi wa ciki da PTFE, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, wanda fetur da etanol da man birki ba sa yi masa komai, tururin mai kuma ba ya ratsa shi. Sai dai shi ma da sharuɗɗansa. Ba ya jure lanƙwasa mai tsanani, in ya karye a wuri ya karye ke nan. Mahaɗinsa dabam ne, yana da wani ɗan zobe da ke kama bakin tiyon, ba a musanya shi da na roba. Sa'an nan gudun mai a cikinsa yana tara lantarki irin na gogayya, wanda kan iya huda bangonsa don ya kai ga saƙar waya, shi ya sa na mai ake gauraya cikinsa da gawayi ya fito baƙi, don lantarkin ya sami hanyar wucewa. Haka kuma tiyon silikon mai launi, wanda ya dace da ruwan lagireto da iskar turbo saboda jure zafi, haramun ne a kan fetur ko baƙin mai, sai wanda aka yi wa shafi na musamman a ciki.

Babin mahaɗai shi ne inda shubuha ta fi yawa, domin kuskure a nan ba ya nuna kansa lokacin ɗaurawa. Ban da AN mai digiri 37, akwai na SAE mai digiri 45, wanda aka saba da shi a bututun mota, kuma a wasu lambobi, kamar 4 da 8, zarensu ɗaya ne tak, ta yadda noti zai shiga lafiya lau ya ɗauru tamau, amma fuskokin biyu da ya kamata su kwanta a kan juna su toshe mai ba su haɗu ba sai a wani siririn layi. Wannan yakan riƙe na 'yan kwanaki, har mai shi ya sakankance. Akwai kuma zaren fayif na NPT, wanda yake tsukewa zuwa baki, shi a jikin zaren yake toshewa, don haka yana bukatar abin shafi. To, da yawa sukan ɗauki wannan hukunci su ɗora wa AN, su naɗe zarensa da farin tef, alhali zaren AN aikinsa matsewa ne kaɗai, tef ɗin ba ya ƙara komai face ɓarɓashin da zai tafi ya toshe nozul. A ganina wannan ɗan tef shi ne mafi saurin ma'auni: duk motar da ka gan shi yana leƙowa daga notin AN, to ka sake duba sauran aikinta da idon tuhuma.

Birki kuwa ba fagen ijtihadi ba ne. Matsinsa yakan haura fam 1,000, kuma dokar Amurka mai lamba FMVSS 106 ta ƙayyade irin tiyon da ya halatta a hau titi da shi. Abin da magabata a sana'ar suka tafi a kai shi ne a bi shasi da bututun ƙarfe, ko na gaurayen jan ƙarfe da nikel, mai baki ninki biyu, tiyo mai lanƙwasa kuwa a taƙaita shi ga inda ƙafa ke motsi. Wanda ya shimfiɗa tiyo tun daga gaba har baya don gudun wahalar lanƙwasa ƙarfe ya sauƙaƙa wa kansa yini ɗaya ne, ya kuma ƙara wa motar wuraren da za su iya sakewa.

A sha'anin matata, kuskuren da ya fi yaɗuwa ya samo asali ne daga kyakkyawar niyya, domin hankali yakan ba mutum cewa matatar da ta fi ƙananan ƙofofi ita ta fi alheri a ko'ina. Ana auna waɗannan ƙofofi da maikuron, gashin kan mutum kuwa kaurinsa wajen maikuron 70 ne. Al'adar da ta tabbata ita ce a sa mai maikuron 100 kafin famfo, a sa mai 10 bayansa, hikimar kuwa ita ce famfon lantarki gwani ne wajen turawa, rago ne wajen zuƙa. Idan aka tare masa baki da matata mai tsauri sai mai ya riƙa kumfa a cikinsa, ya yi zafi, ya mutu tun bai tsufa ba, mai motar kuma ya zargi kamfanin da ya ƙera shi. Matatar takarda ba ta jimre wa E85, sai ta ragar ƙarfe ko ta zaren gilas. Wanda ya ɗora injin dizal, irin Cummins mai lita 5.9 da Dodge ta fara sa wa a-kori-kurarta a 1989, wajibi ne ya ƙara mai raba ruwa da mai, injinan dizal na zamani kuwa, waɗanda matsin nozul ɗinsu kan kai 2,000 a ma'aunin bar, suna bukatar tacewa har zuwa maikuron 2 zuwa 5. Akwai kuma wata musiba da ta keɓanta da masu sauya inji: sau da yawa matatar baƙin mai ba ta samun wuri saboda shasi ko sitiyari sun tare, sai a ɗauke ta a kafa a gefe a haɗa da tiyo biyu, in aka juya tiyon shiga da na fita, bawul ɗin da ke hana mai komawa baya sai ya rufe hanya, inji ya tashi babu mai, cikin 'yan mintoci aikin watanni ya salwanta.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba baƙo ba ne ga wannan mas'ala, ko da bai taɓa ganin C10 ba, domin makanikan da ke sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka suna yin irin wannan haɗi kullum, larura ce ta sa su, ba nishaɗi ba, kuma tasu shubuhar ta fi faɗi. Motar Jamus irin Mercedes 911 ko MAN tana da zaren mita da baki mai digiri 24. Tsofaffin kayan Ingila suna da zaren BSP mai kusurwar digiri 55. Na Amurka NPT mai kusurwar digiri 60. A girman rabin inci kuwa BSP da NPT duka zare 14 ne a kowane inci, suna shiga juna kamar an yi su tare, su bar yoyon da ake ta fama da shi da tef da gam. Matatar iska ma hukuncinta ya bambanta da wuri. Ta auduga mai shafin mai, irin wadda K&N ya yi suna da ita, masu tsere suna son ta don tana barin iska ta wuce da yawa, amma ƙura ma tana samun rabonta fiye da yadda take samu a ta takarda; motar da za ta bi hanyar Agadas ko ta yi jigila a tsakiyar hunturu ta fi bukatar babbar matatar takarda mai gida biyu, ta waje da ta tsaro a ciki, tare da tukunyar da ke juya iska ta zubar da yashi tun kafin ya iso. Ita ta cikin ba a busa ta da iska ko a kakkaɓe ta, sauya ta ake yi.