Yadda Littafi Ke Hawa Kantar Laburare

Ɗalibin da ya taso daga Fadan Kagoma ya sami gurbin karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, in ya shiga laburare ya zaro littafi daga kanta, da wuya ya tambayi kansa wa ya kawo shi wurin. Alhali kafin littafin nan ya zo hannunsa, sai da wani ya zaɓe shi daga cikin dubbai, ya binciki asalinsa, ya nemo kuɗinsa, ya duba shi shafi-shafi, ya ba shi lamba, sannan ya yanka masa wuri. Masu wannan aiki su ne ma'aikatan sashen sayo littattafai, waɗanda ofishinsu ke can ciki, inda mai karatu ba ya leƙawa.

Da tambaya ake fara aikin. Ma'aikacin kan aika wa shugabannin sassa takarda, kowane sashe ya rubuto littattafan da malamansa ke bukata. Amma gwani ba ya tsayawa kan abin da aka rubuto masa. Yakan ɗauko manhajar kowane kwas ya ga abin da ake koyarwa, ya nemi yawan ɗaliban kowane aji, sannan ya zaga kantocin da ƙafarsa. Littafin da bangonsa ya yi laushi, gefen shafukansa ya yi baƙi don yawan shan hannu, ya san lokacin ƙaro kwafinsa ya yi. Wanda ƙura ta lulluɓe, takardar aron da ke cikinsa fara fat babu hatimin kwanan wata ko ɗaya, ya san ba a sake sayo irinsa. A Kafanchan, inda jami'ar ta ajiye tsangayar aikin gona da ta nazarin muhalli, a yankin da citta ce babbar dukiyar manomi, littafi kan cututtukan tsirrai na ƙasashe masu zafi ya fi tsadadden kundi kan noman alkama a Turai amfani nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ga ɓarnar da cuta ta yi wa gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 ya san haka.

Daga nan sai tantancewa, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Malami kan rubuto sunan littafi da ka, wani lokaci ya haɗa sunan marubucin wannan da littafin wancan. Ma'aikacin zai bi sahu har ya tabbatar da cikakken sunan marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekarar bugu, da ko bugu na nawa ne. Abin da ke raba gardama shi ne lambar shaidar littafi da ake kira ISBN, wadda tun 2007 ta koma alƙaluma 13. Kowane bugu da tasa lambar, har mai bangon kwali da mai bangon takarda ba sa tarayya. Wanda idonsa ya saba, da ya ga lamba ta fara da 978 har sau biyu ya san a Nijeriya aka yi wa littafin rajista, domin ta farkon alamar littafi ce, ta biyun kuwa ta ƙasarmu ce. Yana gama wannan sai ya koma kundin laburarensa ya duba ko suna da littafin, kada a zuba kuɗi kan abin da ke zaune a kanta.

Sai maganar kuɗi. Manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jiha, sun dogara ƙwarai da asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, kuma yana ware kaso na musamman don bunƙasa laburare. Ba a sakin kuɗin sai an gabatar da jerin littattafai dalla-dalla, kowanne da bayanansa da yawan kwafi da farashi. Kafin nan kwamitin laburare ya zauna ya raba kason tsakanin tsangayoyi, an kuma nemi farashi daga dillalan littattafai fiye da ɗaya an kwatanta. Littafin waje da dala ko fam ake sayensa, farashin da aka yanka yau yana iya tashi kafin takarda ta gama zagaya ofisoshi. Don haka ma'aikacin yana auna kowace naira: ya sayi kwafi ɗaya mai bangon kwali da zai jure shekaru, ko kuwa kwafi biyar masu bangon takarda don aji mai cunkoso? Ƙamus da kundin da ba a fita da su waje, ɗaya mai ƙwari ya wadatar. Littafin darasin 'yan shekarar farko kuwa yawa yake so.

Ranar da kaya suka iso, ba a sa hannu a takardar karɓa sai an buɗe kowane kwali. Mutum ɗaya na riƙe da takardar oda yana kiran suna, ɗaya na ɗaga littafi yana karanto lamba. In aka yi odar bugu na biyar dillali ya kawo na uku, gefe ake ajiye shi. Sannan a bi kowane kwafi da babban yatsa, ana sakin shafuka a hankali ana kallon lambobinsu, ko an tsallake wasu, ko an ɗinke wani sashe a kife. A nan ne kuma ake kama bugun sata. Takardarsa sirara ce har rubutun baya na leƙowa, hotunansa sun dushe, rubutun ya karkace a shafi, in aka buɗe tsakiyarsa da kyau sai gam ɗin ya yi ƙara ya saki.

Kwafin da ya tsallake wannan bincike sai a shigar da shi babbar rajista, a ba shi lambar shiga da babu wani kwafi da zai sake ɗaukarta. A buga masa hatimi a shafin farko da gefen shafuka, da kuma wani shafi na sirri da ma'aikata kaɗai suka sani, domin ko an yage bango a gane dukiyar makaranta. Daga nan masu rarrabewa su karɓa. Galibin jami'o'in Nijeriya suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda kowane fanni ke da harafinsa: noma S, ilimin koyarwa L, tarihin Afirka DT. Littafi kan tarihin Nijeriya, har da na al'adun Nok, yana sauka a DT515. Wannan lamba da ake mannawa a ƙashin bayan littafi ita ce adireshinsa, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya ɓatar da shi shekara da shekaru alhali yana cikin ginin.

Mu'amala da maɗaba'un jami'o'i kuwa wani fanni ne mai zaman kansa. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a shekarun 1970, ita ta fitar da littafin Mahdi Adamu kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, da na Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina a 1981, ta kuma sake buga ƙamusun Hausa na Bargery a 1993. Irin waɗannan maɗaba'u ba sa buga rubutu sai sun aika wa masana fannin sun karanta sun ce ya cancanta, an mayar wa marubuci ya gyara. Wannan tacewa ce ke sa ma'aikacin laburare ya saki jiki da littafinsu. Sai dai kwafin da suke bugawa ba shi da yawa, ba su da kuɗin talla, dillalai kuma ba su cika ɗaukarsa ba don ribarsa kaɗan ce. Saboda haka mai himma shi ke binsu. Ya nemi jerin sababbin littattafansu, ya yi oda kai tsaye, in ta kama ya hau mota zuwa Zariya ko Kano ko Ibadan, domin in bugu ya ƙare sai a daɗe ba a sake ganinsa ba. Akwai kuma musaya, inda makaranta ke aika mujallarta ga wata, waccan ta aiko da tata ba tare da ko kwabo ya shiga tsakani ba. Wata doka ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3 Babban Laburaren Ƙasa, amma wannan ba zai kai littafin Gidan Waya ba, sai wani ya tashi ya nemo shi.

Ko littafin da aka ba laburare kyauta ma sai an tace shi. Tsohon littafin tarihi yana iya zama taska, amma tsohon littafin magunguna a hannun ɗalibar jinya haɗari ne.

Akwai hanya mai sauƙi, kowa ya san ta. A zauna sai masu tantance kwasa-kwasai sun kusa zuwa, a kira ɗan kwangila ya juye duk abin da ya kwanta masa a sito, kanta ta cika fal, a ɗauki hoto. Ɗalibi zai shiga ya zaga ya fito hannu rabbana. Laburaren da aka tara da haƙuri kuwa, ko ƙarami ne, malami ya aiko ɗalibi zai samu.

Malaman da ke nazarin harshen mutanen Gwong na Kagoma da tarihin masarautar Jama'a da noman citta, ku kai rubuce-rubucenku maɗaba'un jami'o'i a tace a buga, ku kuma tabbatar kwafi ya isa laburaren makarantunku. Shugabannin sassa ku riƙa amsa takardar laburare a kan lokaci, da cikakken bayanin kowane littafi. Kai kuma ɗalibi, in ka nemi littafi ka rasa, je ka gaya wa ma'aikaci ya rubuta sunansa, domin da irin wannan bukata ake haɗa odar shekara mai zuwa.