Guduma da Wuta a Hannun Sabon Maƙerin Wuƙa

A Amurka da Turai ƙirar wuƙa ta zama abin sha'awar mutanen da ba su gaji ƙira ba. Ma'aikacin ofis ya sayi uwar maƙera da awartaki, ya kafa murhun gas a bayan gida, ya riƙa dukan ƙarfe ranakun hutu. Ƙungiyar American Bladesmith Society, wadda Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976, ita ta farfaɗo da sana'ar, shirin talabijin na Forged in Fire kuma, da ya fara a 2015, ya kai ta gidajen jama'a. Sai dai abin da kyamara take so shi ne tartsatsi da ƙarar guduma, don haka sabon shiga yakan ɗauka nan aikin yake. Ni kuwa a ganina guduma siffa kawai take bayarwa. Ko wuƙa za ta riƙe kaifi, ko za ta dakushe, ko ta karye, a wajen gashi da sanyayawa ake yanke wannan hukunci, kuma nan ya kamata mai koyo ya fara zuba hankalinsa.

Ƙarfen wuƙa baƙin ƙarfe ne mai ɗan sinadarin kabon a ciki. Wanda ake kira 1084, alal misali, kabon ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wajen 0.84 ne. In aka gasa shi ya kai zafin digiri 800 ko ya ɗan ɗara a ma'aunin Salsiyos, tsarin cikinsa yakan sauya, kabon ya narke a jikinsa. In aka tsoma shi cikin mai nan take, kabon ba ya samun damar komawa mazauninsa, sai ƙarfen ya yi taurin da magagari ma zamewa yake a kansa. Amma taurin nan irin na kwalba ne, faɗuwa ɗaya tana iya raba wuƙar biyu. Shi ya sa ake mayar da ita tanda a zafin wajen digiri 200, sa'a biyu, a bari ta huce, a sake, don ta rage tauri kaɗan ta sami juriya. Masu koyo sukan gwada da maganaɗisu, domin a digiri 770 ƙarfe yake daina kama shi, sai dai wannan alama ce ta cewa an kusa, ba an isa ba. Wanda kuma ya zarce da zafi, ƙwayoyin ƙarfen sukan yi girma, wuƙar ta fito da kyan gani alhali cikinta ya riga ya lalace.

Duk waɗannan alƙaluma suna aiki ne in an san irin ƙarfen da ake riƙe da shi. Wanda ya tsinci rodin gini ya kwana yana duka ya yi aikin banza, don galibinsa ba shi da isasshen kabon da zai yi tauri. Tsohon sifirin mota ya fi, amma ba kowanne ne irin ƙarfen da ake kira 5160 ba kamar yadda ake yawan zato, kuma yakan zo da tsagar da ido ba ya gani. In wuƙar ta fashe a cikin mai, mai koyo ba zai san laifin hannunsa ne ko na ƙarfen ba, darasin ya tafi ke nan.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya cewa ai maƙeranmu da guntayen sifirin suke ƙera wuƙa da adda, da gawayi da zugazugi, ba ma'aunin zafi, kuma mahauta ba su fasa saye ba. Gaskiya ne. Amma ɗan maƙeri tun yana yaro yake zuga a gaban mahaifinsa, yana kallon launin ƙarfe a inuwar maƙera shekara da shekaru kafin a miƙa masa masaba. Idonsa shi ne ma'auninsa, kuma ƙarafa da yawa sun lalace kafin idon ya nuna. Mai sha'awar Asabar da Lahadi ba shi da waɗannan shekaru, sanannen ƙarfe da ma'auni su ne za su cike masa giɓin.

Wasu kuma sukan ce duka yana ƙara wa ƙarfe nagarta. Zamanin da ake narka tama a gida haka ne, duka yana fitar da datti. Ƙarfen masana'anta kuwa an riga an murza shi, shi ya sa Bob Loveless ya yi suna da wuƙaƙen da ya yanko ya goga ba tare da ƙira ba. Ita kanta ƙungiyar Moran, da ta kafu don kare guduma, dubi jarrabawar da take yi wa mai neman shaidar ƙwarewa: wuƙarsa ta yanke igiya mai reto da sara ɗaya, ta sare katako sau biyu, ta aske gashin hannu bayan haka, sannan a matse ta a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta karye ba. Galibin wannan gashi da sanyayawa yake gwadawa, ba dukan guduma ba.